Kawu Traugott Ya Tafi da Harsasaina

Gida, kusa da Berseba
9 ga Yuni

Zuwa ga maigidana Salmon,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki, yaya hannun da ƙafar? Ina fata kana cin abincin asibitin ko da babu gishiri, kuma ba ka yi wa masu motsa maka gaɓoɓi gardama. Ubangiji ya ƙara sauƙi. Lentina 'yata, tunda ke ce mai karanta wa babanki, ki karanta yadda na rubuta, kar ki tsallake inda na yi faɗa.

Saƙonka ya iso. Ƙaninka Eliaser ne ya kawo ranar Lahadi bayan coci, wai ka ce a kai tumakin kasuwa farkon Agusta, dukkansu, tunda diloli sun gane babu mai harbi a gidan. Ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci. Shekara ashirin da shida muna tara garken nan daga tunkiya tara, yanzu a loda su a mota rana ɗaya? Gaskiya ne 'yan raguna bakwai sun tafi cikin mako uku, kuma haihuwar ma yanzu ta kankama. Amma ina roƙonka ka ba ni zuwa ƙarshen Yuli. In ɓarnar ba ta tsaya ba, ni da kaina zan buɗe wa motar ƙofa.

Ka tuna ƙaramar bindigar da ka matsa mini bara na cike takardarta da sunana, ina ta mita me zan yi da ita? Lasisin ya fito mako biyu bayan faɗuwar da ta shanye maka ɓarin dama. Na je garin Keetmanshoop na karɓo ta, sabuwa fil, da madubin hange a kanta. Na gode maka, ko da yake a lokacin cewa na yi ka cika rigima. Tsohuwar bindigarka tana kulle inda ka bar ta, ban taɓa ba.

Eliaser ya ce zai saita mini ita. Ya ɗora ta a kan murfin injin a-kori-kurarsa, ya harbi gwangwanin madara daga nan zuwa can, gwangwani ya yi tsalle, ya miƙo mini ya ce shi ke nan, ko makaho zai iya. To ashe na fi makaho. Safiya uku ina fita da sanyin nan, sau uku ina ganin dila ƙiri-ƙiri a bakin shinge. Na farko ya gudu. Na biyu ko gudu bai yi ba, waiwayowa ya yi ya kalle ni. A na uku na huda kwamin ruwan tumaki. Lentina, in babanki ya yi dariya ki rubuto mini, don na daɗe ban ji labarin dariyarsa ba.

Na toshe kwamin da tsumma da kwalta. Sannan na kafa kwali na zauna da bindigar ni kaɗai. Akwai maɓallai biyu a jikin madubin, na sama da na gefe. In na harba harsashi ya tafi hagu sai in murɗa, ya koma ƙasa in sake murɗawa. Har rana ta yi tsaka ina murɗe-murɗe, daga ƙarshe ko kwalin ma na daina samu. Ina jin lalatacciya suka sayar mana.

Ka gaida mutanen ɗakinku. Ina yi maka addu'a safe da yamma.

Taka har kullum,
Fredrika

Gida
23 ga Yuni

Maigidana Salmon,

Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan wasiƙar nan ta same ka cikin samun sauƙi. Na ji daɗi ƙwarai da Lentina ta rubuto cewa ka taka daga gado zuwa taga, kuma ka yi dariyar kwamin har ka ƙware. Allah na gode maka.

Labarin kwamin nan ya zaga coci, ka san bakin Eliaser. Ranar Talata da safe sai ga amalanken jakuna a ƙofar gida: Kawu Traugott, tsohon ma'aikacin gandun daji, wanda harbi ya cinye masa kunnuwa. Shekara tamanin saura kaɗan, ya yi tafiyar awa biyu cikin sanyi, ba wanda ya aike shi. Ya ce kai ka taɓa kwana biyu kana gyara masa famfon ruwa mai aiki da iska, shi kuwa ba zai zauna a mayar da matarka abin dariya ba. Na ce masa bindigar ce ba ta da kyau. Ya ce eh, kofi zai sha, da sukari uku.

Ya sa na fito da teburin kicin. Muka cika buhu biyu da yashin rafi, ya kwantar da bindigar a kansu, ya ce wanda ya ɗora bindiga a kan ƙarfen mota a gaishe shi. Ya auna taku ɗari zuwa gindin tsauni, inda babu hanya babu dabba a baya, ya kafa kwalin sabulu, ya zana baƙin ɗigo da gawayi. Ya zare sakatar bindigar, ya leƙa ta cikin bututun, ya murɗa maɓallan har kwalin ya dawo cikin madubi. Sannan ya ce in harba uku, kuma in na kai hannu kan maɓalli zai buge hannun.

Ɗaya ya fasa kusurwar kwali ta ƙasa, ɗaya ya tayar da ƙura a gabansa, na ukun har yau ba mu san inda ya tafi ba. Na ce ka gani ko? Ya jira bututun ya huce, ya zauna da hannuwan nan nasa masu rawa, ya harba uku. Salmon, da muka je, murfin kwalba ɗaya zai rufe hudojin nan uku. Ba a kan ɗigon suke ba, suna sama ta dama, amma a wuri ɗaya. Ya ce bindiga ba ta da laifi. Na ji haushi, na ce ai shi ya saba.

Sai ya ce in juya baya, shi zai riƙa ɗura mini. Ya ɗura, na harba, na kuskure. Ya sake karɓa, ya miƙo mini. Na ja kunamar bindigar, sai na ji ƙas, babu ƙara. Ashe bai sa komai ba. Amma kan bindigar ya nutse cikin buhu, kafaɗata ta zabura, idanuna biyu a rufe gam. Da na buɗe su yana tsugune a gabana yana kallon fuskata.

"Ɗiyata," in ji shi, "tun kafin ta yi ƙara kin gudu. Wa kika bari ya yi harbin?"

Kunya ta kama ni kamar an kama ni ina satar nama a tukunya. Mako biyu ina zagin kanti, ina zagin Eliaser, ashe ni ce. Na kifa kai a kan tebur na yi kuka, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka ɗauke ka. Gara ka sani: tun safiyar da na ji ƙarar faɗuwarka a bayan ɗaki, ko murfin tukunya ya faɗi sai gabana ya yanke. Na faɗa wa tsohon duk wannan. Ban san nawa ya ji ba, amma ya jira har na gama, ya tura mini ragowar kofinsa.

Daga nan ne ya yi abin da ya kusa raba mu. Ya tattara harsasaina kaf, ya zuba a aljihun kwat. Ya ce mako guda zan yi ina jan kunama a bindiga babu komai a ciki, da maɓallin riga a kan bututun, sau hamsin da safe, sau hamsin da yamma. Ranar da maɓallin ya daina faɗuwa zai dawo. Na bi amalanken ina ɗaga murya, ina cewa diloli fa, su ma hutu za su ɗauka? Ya ɗaga mini hannu, wai shi ma ya gode.

Cikin kwana biyar ɗin nan diloli sun ci mini biyu, ɗaya ɗan tunkiyar nan mai yankakken kunne da kake so. Sun zama tara. Na tsinci ƙafafunsa a bakin rafi, na dawo na zauna a teburin da haushina, na ɗora maɓallin rigar. Jiya ya faɗi sau huɗu kawai.

Ka ci gaba da takawa. Lentina, Allah ya yi miki albarka.

Matarka,
Fredrika

Gida
21 ga Yuli

Salmon nawa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ka yi haƙuri da jinkirin wasiƙa, aiki ne ya sha kaina. Yaya jikin? An ce likita ya fara maganar sallama. Ubangiji ya cika mana.

Kawu Traugott ya dawo ranar da ya ce, da harsasai da auduga ta toshe kunne. Ya sa na ja kunama sau goma yana kallo, maɓalli bai motsa ba. Ya koma ɗura mini a ɓoye, wani da harsashi, wani babu, har na daina damuwa da wanne ne. Ya koya mini in saki rabin numfashi, in matsa kunamar a hankali har ƙarar ta zo mini ba zato. Da muka je kwali, hudojina uku tafin hannuna ya rufe su. Na tsaya ina kallonsu kamar ban taɓa ganin huda ba.

Sai a lokacin ya yarda a taɓa maɓallan madubin. Ya sa ɗigo a tsakiyar ukun, ya auna da yatsu zuwa baƙin gawayin: huɗu sama, uku dama. Na ce ya murɗa mini kar in sake ɓatawa. Ya ƙi, ya ce ba shi zai kwanta a bakin shinge ba, idona da kafaɗata ne za su yi aikin. Na murɗa da kaina ina ƙirga ƙas-ƙas ɗin da ƙarfi yadda zai ji. Muka sha kofi bututu ya huce, na sake uku. Muka gyara kaɗan, na sake uku. Na ƙarshen biyu sun taɓa gawayin. Ya rufe maɓallan da murafensu, ya ce in na sake buɗe su zai kai ƙarata wurin fasto.

Kwana uku bayan haka, da hantsi bai ɗaga ba, na kwanta da buhuna a kan dutsen da ke kallon ramin da diloli suke bi ta ƙarƙashin wayar shinge. Dila ya fito yana shinshina iska. Idona a buɗe, na ga komai. Harbi ɗaya, bai ko shura ba. Na zaci zan yi murna, amma da na je na same shi tsoho, ramamme, sai tausayi ya kama ni. Abin da na gode wa Allah shi ne bai wahala ba, don da a makonnin baya ne da na karya masa ƙafa ya tafi ya mutu a hankali. Na biyun na same shi bayan mako guda. Yau kwana goma sha shida ba a taɓa mini ɗan rago ba. Hamsin da uku ne a garke, suna ta tsalle.

Na kai wa Kawu Traugott cinyar akuya da burodi biyu na gashin garwashi. Ya karɓi burodin, ya ce naman ba shi da haƙoransa. Ban san da me zan saka wa mutumin nan ba. In ka dawo mu je tare.

Eliaser ya zo jiya kan maganar mota. Na zaunar da shi na ba shi abinci, don duk surutunsa shi ke kawo mini gishirin dabbobi daga gari. Na ce masa babu tunkiyar da za ta hau mota sai mai su ya zo ya gan su da idonsa. Tumakinka ne, Salmon. In ka tsaya a ƙofar garke ka ce a sayar, ba zan yi musu ba.

Lentina, yanzu ki karanta a hankali, kuma kar ki ji tsoro don na tona ki. Salmon, ita ta gaya mini abin da ka ce, wai me za ka dawo ka yi a gona, mutumin da ba ya iya ɗaura igiyar takalminsa. Ashe ba don diloli ka ce a sayar ba. Na yi kwana biyu maganar tana cina.

To ka ji. Harbi na ɗauke maka, kuma ba zan mayar ba ko ka roƙa. Amma akwai 'yan raguna uku a kwali kusa da murhu, biyu uwarsu ta mutu wajen haihuwa, ɗaya tasa ta ƙi shi. Sau biyar a rana suke shan madara, ni kuwa ina bakin shinge tun asuba, in dawo in same su suna kuka har muryarsu ta dushe. Ƙaramin ba ya karɓa sai an zauna an lallashe shi, kuma ka san ni da rashin haƙuri. Jiya na gwada da hannun hagu kaɗai, na dama a bayana, don in tabbatar kafin in rubuta maka. Ana iyawa. Ka dawo gida, suna jin yunwa.

Ina jiranka.

Taka,
Fredrika