Sun Ce Jinina Bai Kai Ba

Mama Sarah, ki taimake ni kafin in aikata abin da za a ji a rediyo.

Facin taya nake yi a unguwar PZ. Boko ya ƙare mini a firamare, sauran karatun a jaridun naɗe tsire na koya, don haka kada a ce jahili ne ke hayaniya. Yayata Martina ta haihu a wani asibitin gwamnati wajen Samaru, jini ya ɓalle mata. Suka ce akwai jini a firji, amma sai dangi sun ba da nasu a madadi. Mijinta soja ne a Basawa, an tura shi daji. Na miƙa hannu. Nas ta gwada, ta ce jinina bai kai ba, ni ma da ƙyar yake riƙe ni. Ina zai kai, Mama? Da garin kwaki ake yin jini? Na ruga cocinmu neman samari, kafin mu dawo an ja mata zane har ka.

A bakin kabari na rantse ba mai sake taka wannan mayanka daga gidanmu. To ga jaririn a hannun mamarmu a Muchia, jikinsa zafi rau, ya ƙi madara. Tana kuka in bari ta kai shi asibitin, ni kuwa na kawo maganin kemis. Nas ɗin ma na gano layin gidansu. In na karya rantsuwar, ban ci amanar Martina ba?

Mai Ƙunar Zuci, Muchia

Ɗana, Allah ya ba ku haƙuri. Ajiye jaridar nan, ka tare Keke Napep, ku kai yaron yanzu. Zazzaɓin jariri ba ya jiran kowa ya huce, maganin kemis kuma ba nasa ba ne. In ƙafarka ta ƙi wancan asibitin, akwai wani, amma yau.

Fushinka yana kan hanya. Mace tana zubar da jini, ga jini a ajiye, a ce sai dangi: wannan abin kunya ne. Ka rubuta ƙara ga shugabannin asibitin, fastonku ya raka ka, tunda alƙalaminka na da kaifi.

Amma ka fita daga layin nas ɗin nan. Ba ita ta kafa ƙa'idar ba, wataƙila ita kaɗai ke kan ɗaki guda cike da masu naƙuda. Da ta ɗebi jininka, da mamarku gawa biyu ta gani. Kai ma a duba ka, ba laifinka ba ne. Samarin cocin nan kuma su riƙa ba da jini tun kafin wata ta kwanta.

Martina ba rantsuwa ta bar maka ba, ɗa ta bari. Allah ya raya shi, ya kira ka kawu da bakinsa.