Bugun da Ya Kauce Hagu

Litinin, 18 ga Disamba

Mun sake shan kashi jiya. Wasa biyu kacal muka ci a kakar nan, mu ne can ƙasan kowa. Abin takaici, garin murna yake yi. Ƙungiyar da ta fi lalacewa ita ke fara zaɓe cikin yaran jami'a a watan Afrilu, bana kuma akwai Trey Abernathy, mai jefa ƙwallo, yaron da 'yan rediyo ke zuzutawa kamar shi zai ta da matattu. Shekara goma sha ɗaya ina buga wa garin nan ƙwallo tsakanin sanduna biyu a wasan ƙwallon Amurka, ban taɓa jin 'yan kallonmu na tafa wa abokan karawa ba sai jiya. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Alhamis, 21 ga Disamba

Aski a shagon Gus. Almakashi a hannu, ya sunkuyo: “Kowalik, ƙafar nan taka ba ta ɗan yi maka ciwo ne? Ka huta mana. Ka tausaya wa tsofaffi, mu ga Abernathy kafin a binne mu.” Shago ya ɗau dariya. Na ce ya kula da kunnena, shi aka biya shi ya yi. A ƙofa wani ya ce in gaishe da iyali, in kuma riƙa kuskurewa.

Talata, 26 ga Disamba

Da Gus ya san gaskiya. Cinyar dama tana ja tun Nuwamba. A atisaye yau, bugu mai nisa ya faɗi kafin ya kai sanda, har sau biyu. Marlon, mai riƙe mini ƙwallo, ya dube ni ya ce, “Tsoho, ka karya kumallo kuwa?” Na ce iska ce daga tafki. Ya kalli tutar da ke saman sanda, ko motsi ba ta yi, sai ya kawar da kai.

Ban gaya wa matata Janine ba. In ta ji, za ta sake ɗauko zancen komawa kusa da iyayenta.

Laraba, 3 ga Janairu

Wasan ƙarshe ranar Lahadi. In mun faɗi, zaɓin farko namu ne. In mun ci, mun sauka na uku, Abernathy ya tafi wani gari. An ajiye manyan 'yan wasanmu huɗu, wai raunuka. Ɗayansu na gan shi yana tsalle da 'ya'yansa a wurin ajiye motoci.

Mista Kessler, manajan da ke ɗaukar 'yan wasa yana sallamarsu, ya tsayar da ni a baranda. Ya dafa kafaɗata. “Russ, ko me ya faru Lahadi, babu mai ganin laifinka.” Na ce, “Ranka ya daɗe, me zai faru?” Ya yi murmushi ya wuce. Kwantiragina zai ƙare bana, shi ma ya sani.

Na rantse, in aka kira ni zan buga ta shiga. Su je su gina ƙungiyarsu a kan wani, ba a kan sunana ba.

Asabar, 6 ga Janairu

Na kasa zama. Na share ƙanƙarar ƙofar gida, na share ta maƙwabci, na wanke mota a cikin wannan sanyi. Janine ta ce in ban zauna ba za ta ɗaure ni a kujera.

Litinin, 8 ga Janairu

A wasan jiya sun fi mu da maki biyu, lokaci ya kusa cika, bugu ɗaya zai ba mu uku. Yadi arba'in da bakwai. Na shiga fili, mutanen garina suna yi mini ihu kamar baƙo. Marlon ya durƙusa ya ce, “Rabu da su, tsoho, ɗaga ta kawai.”

Na buga da duk abin da nake da shi. Allah ne shaidata. Ƙwallon ta tashi, ta yi laushi a sama, ta kauce hagu.

Filin ya kusa rushewa don murna. Suna kiran sunana. Sunana fa! Wani ƙato ya miƙo hannu daga kan katanga yana kuka yana cewa Allah ya yi mini albarka. A ɗakin sa kaya ba wanda ya yi mini magana sai Marlon, ya ce, “Na fahimta. Kana da iyali.” Na ce ban yi da gangan ba. Ya ce, “Na sani,” da irin muryar da ake yi wa mara lafiya magana.

Alhamis, 11 ga Janairu

An rubuta sunana a allon wani gidan abinci, wai gurasar nama mai suna Hagun Kowalik. Na shiga na ce su goge. Mai gidan ya rungume ni.

'Yata Paige ta dawo daga makaranta ta ce yara sun ce babanta jarumi ne. “Baba, da gaske ka yi don gari?” Na ce a'a, na yi ƙoƙari na kasa. Fuskarta ta canja, kamar na ƙwace mata wani abu. Ta ce, “To,” ta hau sama.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Har Janine. Muna wanke kwanuka ta ce, “Ni dai ba sai ka ɓoye mini ba, Russ.” Na ajiye faranti na fita, na yi ta zagaya unguwa.

Talata, 19 ga Maris

Wakilina mai nema mini ƙungiya ya kira. Ƙungiya biyu sun tambaya, duk sun ja da baya. Ɗaya ta ce ba ta son mai bugun da ke zaɓar ranar da zai ci. Ɗaya ta kalli bidiyon atisayena ta yi shiru. Ban san wadda ta fi ƙona mini rai ba.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Sun ɗauki Abernathy jiya. Na kalla a talabijin, yaron yana kuka a kafaɗar mahaifiyarsa, an ɗora masa hularmu. Aka nuno dandalin gari maƙil da mutane, wani ya ɗaga kwali da lambar rigata. Na kashe, na kunna, na sake kashewa.

Asabar, 27 ga Afrilu

A zagaye na shida na zaɓen, sun ɗauki sabon mai bugu, ɗan shekara ashirin da biyu. Kessler ya kira ni da kansa. Ya ce garin ba zai manta da abin da na yi masa ba. Na buɗe baki in faɗa masa gaskiya, sai na ji na gaji. Na ce na gode.

Talata, 14 ga Mayu

Da safe na je filin makarantar su Paige da buhun ƙwallaye, ni kaɗai. Daga yadi arba'in ko ɗaya ba ta kai ba. Na zauna a ciyawa na daɗe.

Daga nan na wuce wurin Gus. Shago cike, ana ta lissafin wasannin da Abernathy zai ci. Wani baƙo da ke jiran layi ya gane ni, ya matso da kujerarsa. “Malam, tsakaninmu, da ka so ta shiga ai da ta shiga, ko?”

Gus ya tsai da almakashi.

Na kalli madubi na yi murmushi. Murmushi kawai, ban ce komai ba. Shagon ya ɗau tafi.

Ai ban yi ƙarya ba. Ban ce komai ba.