Na Ɓata Sunan Mahaifina A Majami'un Turai

Salama alaikum mai kula da wannan fili, da dukan masu karatu, Musulmi da Kirista. Ina roƙonku ku ɓoye sunana da na garinmu, kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mani hukunci. Na san wasu za su zage ni, ban ce ban cancanta ba. Amma zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni, shawara nake nema.

Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Cadawa. Gidanmu gidan Musulmi ne tun kakanni, mahaifina manomi ne, gero da wake da aya. Ina saurayi na yi wata doguwar jinya a asibitin mishan, can na fara karanta Littafi Mai Tsarki, bayan wasu shekaru aka yi mani baftisma. Ranar da labari ya iso gida dangi suka taru a zauren Baba. Wanda ya fi kowa zafi shi ne ƙanen mahaifina, tsohon mushen lakol, wato malamin makarantar boko mai jin Faransanci, muna ce masa Baba Mushe. Ya ce a kore ni, kada in ƙara sa hannu a akushin gidan. Baba ya ɗaga kai ya ce, "Abin ya yi mani ciwo, Allah ya sani. Amma ni na haife shi, ban da inda zan kai shi. Addininsa tsakaninsa da Mahaliccinsa, gonar nan kuwa da shi za a nome ta." Saboda wannan magana wasu suka daina gaishe shi, wasu suka daina kiransa ɗaurin aure. Bai taɓa yi mani gori ba. Na san yana roƙon Allah ya dawo da ni, don ina jinsa bayan sallar asuba, amma ko yatsa bai taɓa ɗaga mani ba.

Lokacin da ake ta taron ƙasa a Yamai, kowa kunnensa na kan rediyo, sai ikilisiyarmu ta zaɓe ni in tafi koyon aikin bishara a wata ƙasar Turai inda ake Faransanci. Baba da kansa ya ɗaura wa jaki amalanke ya kai ni bakin titi a Cadawa. Ya ba ni ƙullin aya da bargonsa na kansa, ya ce, "An ce sanyinsu na kisa. Ka riƙe mutunci, kada ka ba mu kunya."

Jama'a, ba sanyin ne ya fi wahalar da ni ba, majami'arsu ce. Mu a nan, ranar Lahadi mata na buga tulu da caki, ana rausaya, wa'azi ya kai inda ya kai, bayan an tashi a tsaya a gaisa sai an tambayi kowa na gida. Can kuwa shiru kamar gidan rasuwa, kowa ya riƙe littafin waƙa yana duban agogo. Ranar farko fasto ya faɗi wata magana mai daɗi na ce "Amin!" da ƙarfi, sai duk kawuna suka juyo kaina, na ji kamar in nutse a ƙarƙashin benci. Yara na kiran fasto da sunansa tsirara. Na durƙusa in gaishe da wani dattijo, ya ja da baya a tsorace yana tambaya ko ba ni da lafiya. Bayan sujada ana shan kafe, wato gahawa, a tsaye, ni kuma in rakuɓe gefen ƙofa da kofi a hannu, a yi mani murmushi a wuce. Ban ce mugaye ba ne, haka al'adarsu take. Amma wa zai gane kaɗaicin mutumin da ya saba a tambaye shi gajiya da iyali da ruwan sama, ya wayi gari babu mai ce masa ko ina kwana sai a taƙaice? An sauke ni a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, zan kira ta Madam. Ta kula da ni iyakar ƙoƙarinta, ta koya mani cin abinci da cokali mai yatsu, ta saya mani safa, amma ita ma hirarmu ba ta wuce ta yanayin gari.

Sai aka shirya ranar ba da shaida, kowane ɗalibi ya faɗi yadda ya karɓi Almasihu. Wanda ya riga ni ɗan wata ƙasa ne ta gabas, ya ba da labarin yadda aka tsare shi a kurkuku, mutane na ta share hawaye. Da aka zo kaina na faɗi gaskiya: na yi jinya, na karanta, na ba da gaskiya. Suka gyaɗa kai kamar waɗanda aka ba miya ba gishiri. Sai wani mutum ya ɗaga hannu ya ce, "Amma mahaifinka Musulmi ne, ko? Yaya ya yi da kai? Mun ji irin abin da ake yi muku." Kafin in buɗe baki Madam ta nuna wani tabo da ke damtsena, ta ce, "Shi ya yi maka wannan?" Tabon lauje ne, na yanke tun ina yaro wajen yi wa awaki ciyawa, Baba ne ma ya goye ni zuwa wurin likita. Na dubi fuskokinsu, karo na farko tun zuwana duk idanu na kaina, ana jira. Na sunkuyar da kai. Na ce, "E."

Kalma ɗaya ce fa. Me ya sa ban ce a'a ba? Me zai ragu a jikina? Har yau ina tambayar kaina. A ranar aka rungume ni, aka kira sunana daidai, aka gayyace ni cin abinci gida-gida. Daga nan kuma wata majami'a ta ce in zo in ba da shaida, wata ma ta kira, kuma ba a iya tsayawa gaban jama'a da "e" kaɗai, sai an sa mata nama. Na ce Baba ya ɗaure ni a turken doki, mu da ko doki ba mu da shi. Na ce ya kore ni da tsakar damina, na kwana a gonaki ina cin ɗanyen wake. Maganganun da Baba Mushe ya faɗa a zaure na kwashe su duka na sa a bakin Baba, na ƙara da nawa. Tun ina faɗa gabana na faɗuwa har na iya wurin da zan dakata don su yi kuka, ni ma in yi. Aka ɗauki muryata a kaset ana rabawa. Yara a makarantar Lahadi suna addu'a Allah ya tausasa zuciyar "mugun uban nan na Nijar". In na koma ɗaki kuma in lulluɓa da bargonsa in yi barci. Wane irin mutum ne ni?

Na yi ta cewa in na koma gida zancen ya mutu, teku da hamada na tsakani. Na dawo ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, tutocin jam'iyyu a kan kowace bishiya daga Gidan Runji har Gazawa, Baba Mushe ma ya zama babba a wata jam'iyya yana yawon taro. Baba ya yanka kaza, ya sa na zauna kusa da shi yana ta tambaya, wai da gaske ne ruwa na zama dutse a kan hanya? Na fara taimaka wa faston yankinmu, hankalina ya ɗan kwanta. Sai kwatsam aka aiko cewa wasu baƙi daga ikilisiyar can za su zo Maraɗi, da Madam a cikinsu, kuma ta ce ba za ta koma ba sai ta ga mahaifina ido da ido. Na ce hanya ba kyau, ta ce ta saba. Na ce zafi zai kayar da ita, ta ce Ubangiji zai riƙe ta. Na ce ba zai karɓe ta ba, ta ce, "To sai in tsaya a ƙofar gidan in yi addu'a."

Da na gaya wa Baba cewa matar da ta riƙe ni za ta zo, sai ya tashi tsaye. Ya sa aka share ƙofar gida, Inna ta dama fura, ya kama ragon da yake kiwo don layya ya ce a yanka. Na ce, "Baba, kaza ma ta isa." Ya ce, "Matar da ta ciyar da ɗana a ƙasar da ba shi da kowa? Kai dai ba ka da hankali."

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar itacen bedi cikin gida, ni ne tafinta. Madam ta ƙura wa Baba ido, ta ce da Faransanci, "Gaya masa mun daɗe muna yi masa addu'a. Gaya masa dukan da ya yi maka da korar da ya yi maka, mun yafe masa, kai ma ka yafe masa." Na juya na ce, "Baba, ta ce sun daɗe suna yi maka addu'a, kuma ta gode da tarbiyyar da ka ba ni." Baba ya yi murmushi ya ce, "Ce mata ni ke da godiya. Ce mata hanyarmu ba ɗaya ba ce ni da shi, amma yaron kirki ne, in ya faɗa maka magana ka riƙe ta. Allah ya saka mata." Na juya wajen Madam na ce, "Ya ce ya yi nadama, yana neman gafara." Ta fashe da kuka ta kama hannuwansa biyu. Baba bai saba ba mace hannu ba, na ga kunya ta kama shi, amma ya bar mata don kada ya kunyata baƙuwa, yana ta cewa, "Ba komai, ba komai." Ita tana ganin mu'ujiza, shi yana ganin mace mai taushin zuciya, ni kaɗai na san abin da ake ciki.

Haka na zata. Bayan motar baƙi ta tashi, ina tsaye bayan rumbu, sai na ji an ce, "Zo nan." Baba Mushe ne. Ashe ya dawo daga taron jam'iyya a Agiye, ya tsaya a bakin zaure bayana don kada ya katse baƙi, kuma duk abin da aka faɗa cikin harsunan biyu ya shiga kunnensa. Na yi zaton zai mare ni. Da ma ya mare ni ɗin. A hankali ya ce, "Wane duka? Wace kora?" Ya ce, "Ni na ce a kore ka. Da sunana ka kai musu da ban ji haushi ba. Amma yayana? Mutumin da ya rasa abokan zamansa saboda kai?" Na durƙusa na kama ƙafarsa, ya janye. Ya ce, "Ban gaya masa yau ba don yana cikin farin ciki. Amma ba zan zauna ina kallonsa yana yabonka ba. Kafin a gama shigar da hatsi rumbu ka gaya masa da bakinka, in ba haka ba ni zan gaya masa da nawa."

Yanzu an fara yankan gero. Baba kuwa duk wanda ya zo sai ya ba shi labarin Baturiyar da ta taso tun daga ƙasarsu don ta gode masa, har ta yi kuka. Shekaranjiya muna ɗaurin dami ya ce mani, "Ka ga masu cewa na yi asarar ɗa? Yau ga shi saboda kai an san sunana a Turai." Na ce ƙaiƙayi ne ya shiga idona, na koma bayan gona. Ita kuma Madam ta koma tana ba da labarin yadda uban nan ya tuba, an ce majami'a ta cika ana yabon Allah. Dattawan ikilisiyarmu na shirin ɗora mani hannu su aike ni wajen Gangara in fara aiki. Da wane baki zan tsaya in ce wa mutane kada su yi shaidar zur? Ko Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da muke karɓa a sujada, na daina ɗauka, fasto ya tambaye ni dalili na ce cikina ne ke ciwo, wata ƙaryar ke nan.

Na yi tunanin in fara gaya wa fasto, amma na san aikin zai kuɓuce, kuma Kiristocin yankinmu ba su da yawa, gobe a kasuwa za a ce ga irin abin da suke zuwa faɗa a kanmu. Waɗanda ba su ji ba su gani ba za su sha kunyar da na jawo. Na yi tunanin in sanar da Madam, tsohuwar da ta ce wannan ne babban abin da Allah ya nuna mata kafin ta mutu. Amma duk waɗannan da sauƙi a kan Baba. Ba dukansa nake tsoro ba, na san ba zai doke ni ba. Tsorona ya saurare ni har in gama, sannan ya ce, "Ba komai," ya tashi ya ɗauki butarsa.

'Yan'uwana Kirista, kada ku ce mani in yi addu'a kawai, na yi har gwiwoyina sun yi kanta, amsar dai ɗaya ce kuma ita nake gudu. Iyayena Musulmi, ku da kuka haifa, in ɗanku ne ya yi muku haka, ta wace hanya za ku so ku ji? In kira Inna ta zauna kusa, ko in same shi shi kaɗai a gona? In faɗa masa duka har da turken doki da yaran da ke kiransa mugu, ko in rage? Damman gero na ta taruwa a bakin rumbu, Baba Mushe kuma in mun haɗu kallona kawai yake yi. Don girman Allah ku faɗa mani, me zan yi?