Kaka Ta Sake Kashe Na'urar Sanyi

Baba,

Ka gani, ka kau da kai. Jiya da tsakar rana na tarar da Kaka zaune cikin duhu, labule a sake, na'urar sanyi a kashe. Duk da zafin nan ko gumi ba ta yi, alamar zafi ya fara yi mata illa ke nan. Da na je kunna na'urar, sai ta kira ni da sunan marigayiya Gwaggo Beryl, ta ce, "Ke maɓarnaciya, bar ta, wutar lantarki da rana tsada gare ta."

Alhali solar da ke kan rufinmu, mai samar da wuta daga hasken rana, tana tura wa kamfanin lantarki wuta kusan kyauta! Tsohon tsarin biyan kuɗin wutar da ka ƙi canjawa take tsoro.

Na tafi jami'a, kuma zafin yau zai fi na jiya. Kira kamfani ka canja tsarin, ka shiga ka kunna mata da hannunka. Maganarka kaɗai take ji.

Tamsin