Kilo Biyun da Ba na Baba Ba

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, ya sa wa aikinka albarka, ya sauƙaƙa muku zaman baƙunta. Mu nan sai godiya. Umma tana nan da ƙwarinta, gwiwar ce dai take taɓa ta jefi-jefi, amma ba ta hana ta faɗa ba. Auta ta gama jarrabawa, yanzu aikinta barci da waya. Maigidana ma lafiya lau, shi ne har yanzu yake kai mu asibiti kafin ya wuce wurin aiki.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali kusan kullum muna waya. Dalili shi ne na yi maka ƙarya, Yaya, ba sau ɗaya ba. Duk ranakun da ka kira na ce Baba yana barci, idonsa biyu, kuma shi ya hana a gaya maka halin da ake ciki. Yanzu da hankali ya kwanta ya ba ni izini, ni kuma na ga maganar ta fi ƙarfin waya, inda kai kana katse ni, ni ina katse ka. Ka fara riƙe wannan tukuna: Baba yana lafiya, yana zuwa wankin ƙodarsa, jiya ma da ƙafarsa ya fito har bakin titi.

Tunda ba ka taɓa ganin wurin ba, bari in kwatanta maka. Dogon ɗaki ne mai kujeru goma irin na kishingiɗa, kowace da injinta a gefe. Litinin, Laraba da Juma'a muke zuwa, awa huɗu kowane zama. A bakin ƙofa akwai sikeli, kuma a kansa duk aikin ya rataya. Ka san ƙodar Baba ba ta fitar da ruwa yanzu, abin da ya sha yana taruwa a jikinsa. To ranar da aka fara, likita ya auna shi da 'yar riga shara-shara, ya rubuta ainihin nauyinsa in babu ruwan da ya taru, kilo sittin da ɗaya. Duk ranar wanki sai ya hau sikelin, abin da ya haura sittin da ɗaya ruwa ne, shi ake saita wa injin ya zuƙe. Wata biyar muka yi a haka lami lafiya. Baba har ya yi aboki a kujerar kusa da shi, wani tsohon direba da ake ce wa Ciyaman saboda ya fi kowa daɗewa a ɗakin, kullum suna musu a kan labaran rediyo. Kukan Baba ɗaya ne, sanyi, don na'urar sanyaya ɗakin ba ta hutawa. Ni na gaya maka a waya, kai kuma ka aiko masa da kwat ɗin nan mai kauri da ya kai gwiwa. Da ka ga murnarsa. Tun a mota yake saka shi, kuma babu wanda bai ji cewa ɗansa ne ya aiko ba, har mai shara.

Ba a daɗe ba wankin ya juya masa. Kafin awa uku ta cika sai jijiyoyin ƙafarsa su murɗe, gumi ya keto masa, jiri ya ɗebe shi, wani lokaci har da amai. Injin ya hau ƙara, ma'aikata su rugo su kwantar da kujerar, su ɗaga masa ƙafafu, su ce jininsa ya yi ƙasa. Suka canza masa maganin hawan jini, ba ta canza zane ba. Sai suka fara tambayarmu ko yana shan ruwa fiye da abin da aka ƙayyade masa, don kullum sikeli yana nuna ya zo da ruwa mai yawa. Wannan magana ta soki Umma, ita da take auna masa ruwan yini a gora guda mai alama. Ta yanke hukuncin cewa satar sha yake yi in ta juya baya, ta je ta sa wa firji kwaɗo. Ka ji fa, mutumin da ya shekara arba'in yana gyaran kwaɗo da yankan makulli, shi aka kulle wa firji. A lokacin abin bai ba ni dariya ba. Baba ya yi ta cewa bai sha ba, babu wanda ya yarda, har ni. Ina ganin wannan ya fi ciwon ƙafar yi masa zafi.

Wata Juma'a ya suma a kan kujerar. Sun farfaɗo da shi nan da nan, amma da muka dawo gida ya kira mu ya ce shi da wanki sun yi hannun riga. Ya ce injin nan ransa yake zuƙa kaɗan-kaɗan, in mutuwar ce gara ta same shi a kan gadonsa, ba a gaban mutane da robobi a hannu ba. Ya ce kuma duk wanda ya gaya maka bai yafe ba, don za ka bar aikinka ka taho. Litinin ya ƙi zuwa. Muka yi lallashi, muka yi kuka, Kawu ya zo ya yi nasa, Baba ya juya mana ƙeya. Kafin safiyar Laraba ƙafafunsa sun kumbura, fuskarsa ta yi suntum, ba ya iya kwanciya sai a jingine, in ya yi magana uku sai ya tsaya haki. Na tsorata, Yaya, tsoron da ban taɓa ji ba, don likita ya gaya mana tun farko cewa mai irin ciwonsa in ya bar wanki, kwanaki ake ƙirga masa.

Ka san halina, in tsoro ya kama ni faɗa nake nema. Na yafa mayafi na nufi asibitin da niyyar in wanke su tas. Wadda na tarar ita ce babbar ma'aikaciyar jinyar ɗakin, marasa lafiya suna ce mata Sista Mai Tabarau. Ta kira ni sau biyu ranar Litinin da ba ta ga Baba ba, na ƙi ɗagawa. Na zazzage mata duk abin da ke cikina a gaban jama'a, har na ce sun karɓi mutum da ƙafarsa suna neman su mayar mana da gawa. Matar nan ta bar ni sai da na gaji don kaina. Sannan ta jawo mini kujera, ta ɗauko fayil ɗin Baba, ta riƙa bin ranakun ɗaya bayan ɗaya da bakin biro, har ta tsaya a kan ranar da abin ya fara. Ta tambaye ni me ya canza a gidanmu a wannan makon. Ko an ba shi wani magani daga waje, ko an canza masa abinci, ko ya yi tafiya. Na ce babu ko ɗaya, na ƙara da gatse cewa sabon abin da ya shigo gidanmu a makon kwat ne kawai, in shi ma za su ɗora wa laifi. Sai ta cire tabaran ta zuba mini ido. Ta ce in je yanzu in kawo shi yadda yake a rataye, kada in taɓa aljihunsa.

Tun da na sauke shi daga ƙusa na san akwai magana, don sai da ya rinjayi hannuna. Ta ɗora shi a kan sikelin shi kaɗai, ya nuna kilo biyu da giram ɗari huɗu. Aljihu bakwai gare shi, ciki da waje, kuma Baba bai bar ko ɗaya ya zauna banza ba. Muka fito da ɗaurin makullan shago, da na gida, da na maƙwabtan da suka ba shi ajiya tun muna yara, da filaya, da magagari, da tocila, da rediyonsa, da wani ƙaton kwaɗo da aka kawo masa gyara yake jira ya ji sauƙi ya duba. Na fara dariya, dariyar ta koma kuka. Sista ta yi mini bayani cewa mako uku kenan ana sa injin ya nemo ruwan kilo biyu a jikin da ba shi da shi, shi ya sa yake tatse shi har ya suma. Kuma in an gama wankin, da kwat ɗin yake sake hawa sikelin, don haka lissafinsu bai taɓa nuna kuskure ba. Na fara cewa laifinmu ne, ta tare ni. Ta ce nasu ne, domin sun saba mai rubutawa yana zaune a tebur yana kallon lamba, ba ya kallon wanda ke tsaye a kai. Likita ya zo, shi ma bai yi wata kwana-kwana ba, ya ce a ajiye wa Baba kujera a zaman yamma.

Saura wanda zai taso da shi, kuma na san ba ni ba ce. Da ta tashi aiki da azahar, Sista da kanta ta biyo ni gida. Ta durƙusa ta gaida shi, ta faɗi abin da ya faru ba ragi, ta ce sun cuce shi kuma ta zo neman gafara. Ta juya wurin Umma ta ce Baba bai sha ko kurɓi fiye da ƙa'ida ba. Sannan ta danna masa ƙwauri da yatsa, ta nuna masa yadda wurin ya lotsa ya ƙi tasowa, ta gaya masa ƙarara cewa ruwan ya fara hawa ƙirjinsa. Sai Baba ya tambaye ta ko shi sikelin kansa ana duba gaskiyarsa. Ta ce duk wata mai gyara yana zuwa ya gwada shi da ƙarfen da aka san nauyinsa. Ya gyaɗa kai. Ya ce a sana'arsu, in aka dawo wa mutum da makulli ya ƙi buɗewa, akwai mai cewa kwaɗon ne ba shi da kyau, akwai mai cewa a kawo ya sake duba awonsa, kuma shi na biyun yake ba aiki. Daga nan ya ce Auta ta miƙo masa takalminsa.

Mako huɗu kenan yanzu, ƙafa ba ta sake murɗewa ba, jiri ma babu. Sun ajiye kwando a gefen sikelin, kowa sai ya cire takalmi da rigar sama, ya juye aljihu, ma'aikaciya tana tsaye a kansa. Ranar farko Ciyaman ma an same shi da waya biyu da kwalbar turare, Baba ya samu abin tsokana na mako guda. In an gama awo yana mayar da kwat ɗinsa, su ƙara masa da bargo. Ba zan ce maka wurin ba shi da aibi ba. Bencin masu jira ya kusa karya mini baya, wani lokaci a yi awa guda ana jiran inji, kuma akwai wata ma'aikaciya da ni da ita har gobe ba ma ga maciji. Amma a gaban idon mutum suke farke sababbin robobi da allurai, ba sa taɓa hannun da ake sa masa allurar sai sun wanke nasu, kuma na ga da idona yadda suke yi in sun yi kuskure. Wannan ya fi kwantar mini da hankali fiye da a ce mini ba sa yi. Umma ta cire kwaɗon firji ta ba shi haƙuri. Ya ce mata da ya so, da 'yar wayar ƙarfe zai buɗe shi kafin ta idar da alwala, bai dai taɓa ba ne. Ni ma na nemi gafararsa, na kuma koma na nemi ta Sista, abin da ka san ba ya yi mini sauƙi.

Kai kuma kada in ji ka ce kai ka jawo. Sanyi aka ce maka yana ji, ka aiko da maganin sanyi, mu da muke tare da shi kullum ba mu lura ba balle kai. Umma tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci, a hoton da ka turo ka rame. Kawu da Gwaggo suna gaisuwa, haka maigidana da Auta. Ka gaida Anti da kyau, ka shafa mini kan yara, ka gaya wa babbar ina sane da alkawarin da na yi mata.

Saƙon Baba na bari ƙarshe. Shekaranjiya da muka dawo bai kwanta ba, ya ce a sauko masa da kalandar falo. Ya zauna da biro yana zagaye ranakun wanki da hannunsa, Litinin, Laraba, Juma'a, yana buɗa shafi bayan shafi, har ya kai watan da ka ce za ka samu hutu. Wata bakwai ne, na ƙirga. Ya ce in rubuta maka kada ka kuskura ka yi gaggawa ko ka roƙi kowa alfarma a wurin aiki, ka zo a lokacinka. Ya ce in Allah ya yarda shi zai buɗe maka ƙofa.

Allah ya nuna mana ranar da rai da lafiya, ya tsare mana kai a inda kake.

Ni ce ƙanwarka mai kewarka kullum.