Keken Baban Afra yana Kano

Alhamis, 8 ga Mayu, 2025

Da na ga wayarsa a hannun wansa Yaya Yahuza na gane. Yana tsaye a bakin zaure. Maigidana Baban Afra ba ya ba kowa wayar nan, da ita ake buɗe keken adaidaitarsa. Ina riƙe da rariya, na ajiye ta a ƙasa a hankali.

Haɗarin motar haya ne, ranar Litinin, yana dawowa daga Kano. Ya kai keken gyara. Yau aka yi sadakar uku.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ba wanda na faɗa wa, bari in rubuta. Ni na ce ya wanke keken saboda bikin ƙanwata Rahinatu. Ya kai shi bakin kogi, ƙarƙashin gada, inda duk 'yan adaidaita ke wanke nasu da bokiti. Wannan na lantarki ne, ruwa ya shiga batir. Makanikan Wudil uku suka duba, kowa ya ce ba aikinsa ba ne. Kamfanin suka ce wurin gyaransu ɗaya ne, a Kano, ba su iso nan ba tukun. Shi ya sa ya ɗora shi a babbar mota ya bi.

Da na bar shi da ƙurarsa.

Juma'a, 23 ga Mayu

Saƙo ya shigo wayarsa. "Malam Haladu, an gama gyaran kekenka, ka zo ka ɗauka." Shekara goma sha ɗaya ban kira sunan nan da bakina ba. Na karanta ya fi sau ashirin.

Asabar, 24 ga Mayu

Tsohon kekensa tun daga kwanar masallaci nake jin ƙararsa, in tashi in zuba ruwa a buta. Wannan ba ya ƙara. Sai dai in ji sallama a kaina, yana dariya, wai "Maman Afra, na kama ki kina gyangyaɗi." Yanzu duk la'asar in layin ya yi tsit sai gabana ya faɗi. Haka zuwansa yake, tsit. Yau ma na zuba ruwan.

Talata, 10 ga Yuni

Wata daga kamfanin ta kira, Khaulat. Ta gaishe ni da kyau, ta ce mai keken fa? Na ce ba ya nan. Ta ce in ya dawo in faɗa masa. Na ce to.

Ba ƙarya na yi ba, Allah ya gani. Amma ban faɗi gaskiya ba.

Asabar, 14 ga Yuni

Yaya Yahuza ya zo, ya tsaya daga bayan labule. Ya ce, "Sakina, ki ba ni wayar in je in yi musu bayani. A sayar da shi can, a raba wa magada. In an kawo shi nan ya sake lalacewa, wa zai taɓa?" Na ce Yaya, a bari in fita takaba. Ya ce Allah ya ba mu haƙuri.

Gaskiya ya faɗa. Amma duk garin nan marigayi ake ce masa. A can kaɗai ake ce masa ka zo.

Laraba, 9 ga Yuli

Ruwa tun safe. Wani saƙon.

Laraba, 13 ga Agusta

Khaulat kuma. Na tambaye ta ko za su kawo shi gida. Ta ce motarsu ba ta wuce Mariri, Wudil sai baɗi in Allah ya so, sun fara neman shago. Ta ce wurin ajiyarsu ya cika, iyaka su riƙe shi zuwa ƙarshen Satumba. Sai ta yi 'yar dariya ta ce, "Hajiya, maigidan nan naki ya fi gwamna wuyar gani." Na yi dariya ni ma. Sai na kashe wayar.

Baɗi. Da sun zo bana ai da ƙafa zai tura shi.

Litinin, 15 ga Satumba

Na fita takaba ranar Juma'a. An wanke mini kai, na sa atamfa.

Yau da hantsi ni na kira. Ban shirya ba, ina tsinke zogale kawai na ɗauki wayar. Na ce Khaulat, Malam Haladu ya rasu tun watan Mayu, a hanyar dawowa daga wurinku. Sai ta yi salati, ta ce, "Ayya Hajiya, kuma ina ta damunki." Ta ce a zo da takardar kotu da ɗaya cikin magada, za ta tsayar da saƙonnin.

Ban yi kuka sosai ba. Na gama miyar, Afra ta ci, ni ma na ci.

Yaya Yahuza yana Lajawa. Ban aika masa ba tukun, wayar tana wurina, keken kuma yana Kano.