Koton Tarwaɗar da Ban Gama Rubutawa Ba

Zuwaira ta haihu! Mace, Asabe, mace, kuma goshinki ne sak ta kwaso!

Ki yi haƙuri, ban ko yi miki sallama ba. Assalamu alaikum, uwar 'ya'yana. Ina fata Allah Ya haskaka makwancinki. Shekara biyu ke nan da kika bar mu, ban taɓa rubuto miki ba sai yau.

A gidanmu ta haihu, ranar Talata da hantsi, a ɗakinki. Ƙanwata ce ke yi mata wanka. Da aka miƙo mini jaririyar na ce to, na yi sabuwar amarya, tsohuwar ta gudu ta bar ni. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, sannan na fita waje ni kaɗai na daɗe.

Kin san al'adar gidan nan. Duk haihuwar da kika yi, farfesun tarwaɗar da na kamo da hannuna kika fara sha. Ke ke haɗa koton da nake sa wa ƙugiya, irin wanda kika koya wurin matar nan 'yar ƙabilar Tibi da muka yi maƙwabtakar gona da ita a Adogi. Ki rufe shi a gwangwani kwana biyu, in ya yi wari ki ba ni. Kina cewa, “Tarwaɗa hanci gare ta, ba ido ba. Kai dai zauna ka yi shiru, in za ka iya.”

Ranar Laraba na ɗauko littafina na ajin yamma. Kin tuna shi? Lokacin da na fara iya haɗa baƙi, kika ce, “Tunda ka zama ɗan boko da furfura, zo ka rubuta koton nan, ba kullum nake nan ba.” Na rubuta dusa. Na rubuta daddawa. Na rubuta man ja. Na sa lamba huɗu, sai aka kira la'asar, na ce bari in dawo. Ban dawo ba, Asabe. Lambar tana nan, gabanta babu komai.

Na haɗa ukun, na hau mashin zuwa rafinmu. Ba za ki gane shi ba. Inda ruwa ke kai mini ƙirji yanzu ko gwiwa bai kai ba, an kuma ce masu zuba maganin kashe kifi sun sha bi ta wurin. Na jefa, ba abin da ya taɓa. Washegari na gwada tana. Na gwada gara. Na roƙi hanjin kaza wurin masu figar kaji na bar shi ya kwana. Har sabulu na yanka na sa, don wani ya ce ana yi. Kwana huɗu, kaguwa ɗaya ce ta tsinke mini zare.

Na nemi matar Tibin. An ce tun shekarar da aka yi rikici suka koma wajen Binuwai, ba wanda ya san ko tana raye. Na tambayi Zuwaira, ta ce, “Baba, wari ne ke korata in Inna ta buɗe gwangwanin.” Lokacin tana yarinya.

Jiya na je kasuwa na sayi kifin kiwo, manya biyu, masu kitse, waɗanda ba su taɓa ganin rafi ba. Aka yi farfesu, Zuwaira ta sha, ta ce, “Ya yi daɗi, Baba, sannu da rana.” Ba ta tambaye ni inda na kamo ba. Ita da ta tashi a kan na rafi, ta sani. Na naɗe zaren na rataye kusa da gwangwaninki. Ba na jin zan sake sauke shi. Abin da kika sani ya tafi tare da ke, kuma ni na bar shi ya tafi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe mini gaggawata, Ya raya wannan yarinya ta fi kakanta sauraro.

Ku kuma masu karantawa, gobe ne suna, sunan Asabe za a sa mata. Farfesun na kasuwa ne, na faɗa muku tun yanzu. Amma ku zo, don Allah ku zo dukanku, ku ga goshin nan.

Mijinki, angon jaririya.